Yadda za ka koya wa 'yan JSS tarawa da ɗebewa da lambobin da ke ƙasa da sifili

Malamai 'yan uwana masu ɗaukar lissafi a JSS 1 da JSS 2, da iyayen da ke zama da yara ana aikin gida bayan isha'i, dan Allah abu ɗaya nake roƙo kafin komai, ku ajiye waƙar nan ta "mainos da mainos fulos ne" har sai an zo darasin sau. Wallahi ita ce take rikita mana yara. Ka rubuta wa yaro -3 - 5 a allo, sai ya hango mainos guda biyu ya tuna waƙa ya ce maka 8 da ƙarfinsa, alhali amsar -8 ce, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka sa shi ya haddace kenan. Ƙa'idar gaskiya ce amma a wajen sau da rabawa take aiki, in ka shigo da ita da wuri ta zauna a kan yaro to sai ka yi zango guda kana fama kafin ka cire ta.

Sannan ka tuna daga ina yaran nan suka fito. Shekara shida a firamare ana ce musu ba a cire 5 daga cikin 3, ba zai yiwu ba. Yau kuma ka shigo da allinka ka ce ai yana yiwuwa har ma yana da amsa. Dole su yi turus. Manyan masana ma sun daɗe suna kai kawo a kan abin, a Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojinsa a shekarar 628, kuma da dukiya da bashi ya yi bayaninsa, mutanen Sin tun kafin nan da sanduna ja da baƙi suke bambanta su, amma a Turai har bayan shekara dubu da rubutun Brahmagupta akwai masu lissafin da ba su yarda lamba za ta iya gaza sifili ba. Toh ina ga ɗan shekara 11 ko 12? A yi musu haƙuri.

Ka fara da bashi, don babu yaron da ya tashi a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo da bai san littafin bashin mai shago ba. Kar ka rubuta wata alama tukuna, labari kawai. An aike ka da naira 500, kayan da ka ɗauko na 800 ne, mai shago ya ce je ka ya rubuta, yanzu nawa gare ka? Za su ce ba ka da komai. Ka ce to kai da wanda aljihunsa ba ko sisi amma ba a bin sa, waye ya fi wani? A nan za ka ga aji ya fara motsi, wani zai ce ai kai ana bin ka 300, ka ga ka fi shi talauci kenan. Sai a lokacin za ka ɗauki alli ka rubuta -300 ka ce musu ga yadda ake rubuta "ana bi na 300". Aron katin waya ma yana aiki sosai, sun san in ka ara ka sa sabon kati sai an fara cire bashin kafin ka ga ragowa. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo kuma ka kawo musu teburin gasar Firimiya, ƙungiya ta ci 12 an zura mata 19, me ya sa aka rubuta -7 a gaban sunanta? Littattafai da yawa da ma'aunin sanyi suke farawa, ni dai ban cika son sa a farko ba, don hunturun Kaduna duk tsananinsa ba ya kai sifili, yaro bai taɓa jin -5 a jikinsa ba, sai dai ka ce masa cikin firiza ana sa shi wajen -18 ka wuce.

Bayan bashi sai layin lamba, kuma a ƙasa nake nufi, a kan siminti da alli, ko a fita fili a ja shi da kara a zuba toka. Sifili a tsakiya, 1 zuwa 10 ta dama, -1 zuwa -10 ta hagu, tazarar taku ɗaya ɗaya. Kafin a fara tarawa ka tsaya a kan tambaya ɗaya har sai ta zauna: -7 da -2 wanne ya fi girma? Da yawa za su ce -7 don sun ga bakwai. Ka tsayar da yaro ɗaya a kan -7 ɗaya a kan -2, ka tambaya wa ya fi kusa da fita daga bashi. Duk wanda ya fi zama ta dama shi ne babba. In ka tsallake wannan duk abin da za ka ɗora a sama ba zai tsaya ba.

Tafiyar kanta ga yadda take. Yaro ya tsaya a kan lambar farko. In tarawa ce ya fuskanci dama, in ɗebewa ce ya juya ya fuskanci hagu. Sai ya dubi lamba ta biyu, in mai fulos ce ya taka gaba, in mai mainos ce ya taka da baya baya ba tare da ya juya ba. Gwada -3 + 5, ya tsaya a -3 yana kallon dama ya yi taku biyar gaba, ya ratsa sifili ya sauka a 2. Gwada -3 - 5, ya tsaya a -3 ya juya hagu ya yi taku biyar, ga shi a -8, ba sai ka ce komai ba sauran yaran ne za su faɗa. Sai ka kawo wanda kowa ke tsoro, 2 - (-3). Ya tsaya a 2, ɗebewa ce ya juya hagu, lambar mai mainos ce ya ja da baya taku uku, sai ya tsinci kansa a kan 5. Ka bari su yi ta maimaitawa da lambobi daban daban har wani ya ce Malam ai kamar tarawa aka yi. Ka kula da abu ɗaya, taku ake ƙirgawa ba inda aka tsaya ba, da yawa suna ƙirga gurbin da suke kai a matsayin ɗaya sai amsa ta gaza da guda.

Ajin da yara suka yi yawa ba kowa zai samu takawa ba cikin minti 40, don haka ka sa su tara marafan kwalbar lemo kala biyu, ko wake da masara, kowane benci da nasa. Wake fulos ɗaya, masara mainos ɗaya, in aka haɗa wake ɗaya da masara ɗaya sun kashe juna sun zama sifili. -6 + 4 kenan masara shida wake huɗu, a jera su bibbiyu, masara biyu suka rage ba abokin tafiya, amsa -2. Inda abin yake da daɗi shi ne 2 - (-3), kana da wake biyu an ce ka cire masara uku kuma ba ka da ko ɗaya, ya za ka yi? Sai ka zuba wake uku da masara uku tare, ba ka canza komai ba tunda sifili ka ƙara, yanzu ka cire masaran uku, wake biyar ne a gabanka. Yara mata musamman masu jin kunyar fitowa gaban aji na lura wannan ta fi shigar su.

Duk da haka akwai wanda zai ce ya ga amsar amma hankalinsa bai kwanta ba, ta yaya za a ɗebe abu kuma ya ƙaru? Wannan yaron ka riƙe shi da kyau, tunani yake yi. Ka koma masa kan bashi. Kana da 1000 a aljihu ana bin ka 300, naka na gaskiya 700 ne. Mai bashi ya ce ya yafe. An cire maka bashin 300, yanzu naka nawa? 1000. Ka rubuta 700 - (-300) = 1000 ka bar shi ya kalla. In kana son ƙari ka jera masa waɗannan a allo, 5 - 3 = 2, 5 - 2 = 3, 5 - 1 = 4, 5 - 0 = 5, sai ka rubuta 5 - (-1) ka miƙa masa alli, da kansa zai sa 6 don ya ga amsa tana hawa da ɗai ɗai.

Bakinka ma sai ka kula da shi. Alamar nan ta mainos aiki biyu take yi, wani lokaci umarni ce a ɗebe, wani lokaci kuma sunan lambar ne, in ka karanta 4 - (-2) ka ce "huɗu mainos mainos biyu" ka cakuɗa musu su. Ka ce huɗu, a ɗebe bashin biyu. Da Turanci ma ka bambanta, ɗaya mainos ɗaya negetif, tunda da shi za su rubuta jarabawa, kuma ka dage su riƙa sa baka a zagaye lamba mai mainos in ta biyo bayan wata alama.

Sai bayan duk wannan ne ƙa'ida za ta shigo, kuma gara su faɗe ta da bakinsu kai ka gyara. Ɗebe lamba daidai yake da tara kishiyarta, 6 - (-4) ya koma 6 + 4, 6 - 9 ya koma 6 + (-9). In alamun iri ɗaya ne a haɗa a bar musu alamarsu, bashi kan bashi ai bashi ne. In sun bambanta a cire ƙarami daga babba a ɗauki alamar wanda ya fi nisa da sifili. Daga nan ka fara janye wake da layi a hankali, ka ba su -47 + 62 wanda ba mai iya takawa, ka koya musu su ce taku 47 ya kai ni sifili saura 15, shikenan amsa 15.

In ka zo duba littattafansu kar ka tsaya a jan biro kawai, amsar da ba daidai ba tana gaya maka inda ciwon yake. A -3 - 5, wanda ya rubuta 8 waƙar nan ce ta kama shi, wataƙila a lesin ko wajen yayansa ya ji ta, shi a mai da shi kan layi. Wanda ya rubuta 2 ko -2 har yanzu yana ganin 5 da 3 ne kawai yana cire ƙarami daga babba irin na firamare, shi labarin bashi yake buƙata, ana bin ka uku ka ƙara cin bashin biyar. Ka ware su gida biyu ka ba kowa maganinsa. Kuma kar ka yi gaggawar rufe babin don manhaja ta ce mako ya ƙare, abin nan shi zai dawo a 2x - 5x, ya dawo a jarabawar BECE a ƙarshen JSS 3, ya biyo su har WAEC da NECO. Ko kun shiga wani babi, ka riƙa sa tambaya uku a gefen allo kullum kafin a fara darasi, ɗaya ta tarawa mai alamu daban, ɗaya irin -4 - 9, ɗaya irin -4 - (-9), minti biyar ya ishe su, ka sa wanda ya samu ya tashi ya faɗa wa aji yadda ya yi da Hausa.