Yadda Za a Kai Yaro Mai Lalurar Otizim Kallon Kayan Fasaha a Yamai

Yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, sau da yawa yakan fara ganin ƙananan sassan abu kafin ya ga abin gaba ɗaya. Masaniyar halayyar ɗan Adam Uta Frith ta yi bayani a kan haka a 1989. Idan mu mun ga babbar riga, shi zaren aska takwas yake bi da ido, layi bayan layi. Duk mai son kai irin wannan yaro Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, to da wannan sanin ya kamata ya fita daga gida.

A je da safe, a ranar da ba a cika jama'a ba, domin hayaniya da zafin rana suna gajiyar da shi fiye da yadda muke zato. Tun daren jajibiri a nuna masa hoton wurin a waya, a faɗa masa abin da za a fara gani da lokacin dawowa. A riƙe ruwa da abin toshe kunne.

Idan an shiga, kada a ce sai an zagaye ko'ina. Ɗaki ɗaya ya isa. Inda ya tsaya, nan za a tsaya, ko da zai shafe rabin awa a gaban bargon saƙa guda yana ƙirga zanensa. A ganina, babban kuskuren iyaye shi ne janye shi zuwa wajen ƙasusuwan dinosor, manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, saboda su ne suka burge iyayen. Kaɗa hannu ko rausaya jiki sau da yawa alamar jin daɗi ce, ba rashin kunya ba, don haka a ƙyale shi.

Tambaya ma tana da salo. "Ya yi maka kyau?" tana da wuyar amsawa, amma "Wane launi ne ya fi yawa?" ko "Nuna mini inda zanen ya maimaita" suna buɗe baki, kuma nuni da yatsa ma amsa ce.

Rumfunan maƙeran azurfa da dukawa da ke harabar gidan tarihin su zo a ƙarshe, saboda ƙarar guduma da warin fata. A nemi izinin mai sana'a kafin yaron ya taɓa kaya. Da an koma gida, a ajiye masa takarda da fensir kusa, ba tare da an ce masa ya zana komai ba.