Faibromayaljiya: yadda za ki rage ciwon da ƙwaƙwalwa ke ƙara wa ƙarfi

Jiki na ciwo sama da ƙasa fiye da wata 3, ga kasala, ga barcin da ba ya wartsakarwa, an sha maganin maleriya da taifot har an gaji, gwajin jini kuma lafiya lau. Haka faibromayaljiya ta saba zuwa, kuma mata ta fi kamawa.

Ciwon na gaske ne, kada kowa ya ce miki raki ne. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya: suna karɓar ƙaramin saƙo daga jijiyoyi su kambama shi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya. Sassan ƙwaƙwalwa masu jin zafi suna aiki tare da masu fargaba da ɓacin rai, shi ya sa rigimar gida ko daren da ba a runtsa ba ke tayar da ciwon washegari.

Fara da ganin likita, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a tabbatar ba ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo ko amosanin gaɓɓai ba ne.

Sannan motsa jiki, wanda ya fi komai tasiri. Yi tafiyar minti 5 kullum, ki ƙara minti 2 duk mako. Inda ake tafka kuskure shi ne ranar da aka ji sauƙi: a haɗa wanki, shara da cefanen kasuwar Taminus ta Jos a yini guda, sai a kwanta kwana uku. Yi aikin minti 20, ki huta tun ciwon bai taso ba. Da hunturu, ki bari rana ta fito, ki gasa jiki da ruwan ɗumi kafin ki fita.

Idan rai ya ɓaci, zauna ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake shi kina ƙirga 6, na minti 5. Ki kuma riƙa rubuta abin da ya faru kafin kowane tashin ciwo. Cikin makonni kaɗan za ki gane masu tunzura shi. Damuwar da ta ƙi tafiya a kai ta wurin likitan halayyar ɗan Adam, babu abin kunya.

Diclofenac da ibuprofen ba su cika amfani ba domin babu kumburi, sai dai su jawo gyambon ciki. Tramadol kuwa kama jiki yake. Likita kan rubuta amitriptyline miligiram 10 zuwa 25 da dare. Yana busar da baki, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa.