Kurakuran da aka fi yi wajen lanƙwasa haƙarƙarin jirgin ruwa da tururi

Masu haɗa jirgin katako a Ingila da jihar Maine ta Amurka turara katako suke yi a dogon akwati har ya yi laushi, sannan su lanƙwasa shi ya zama haƙarƙarin jirgi. Ɗan koyo in ya ji ƙas sai ya ce tururi ne bai isa ba, alhali tun wajen zaɓen katako aka yi ɓarnar.

Katakon da aka busar a injin busar da katako wlh ko ka kwana kana turarawa sai ya ba ka kunya. Ɗanye ake so, na itatuwan da ake kira farin oak ko ash da Turanci, sabon yanka, in kuma ya fara bushewa a jiƙa shi a ruwa na wasu kwanaki. Sannan ka duba jijiyar itacen da kyau, ka bi ta da ido daga wannan kai zuwa wancan, in ta karkace ta fice ta gefe toh daidai nan zai tsage, haka ma inda akwai kullin reshe. Irin wannan ajiye shi kawai. Kaifin gefunan ma a ɗan goge su, tsaga daga nan take farawa.

Sai lokaci. Awa 1 ga kowane inci 1 na kauri, kuma lissafin yana farawa ne in akwati ya kai zafin kusan digiri 100 na ma'aunin Celsius, ba daga kunna wuta ba. Wasu su ce bari a ƙara awa don ya fi laushi, a'a, dahuwa zai yi ya rasa ƙarfi. Kamar dambu ne, kana yawan buɗe murfi kana mayar da aiki baya. Amma fa kar a toshe akwatin ruf, a bar ƙaramin rami tururi da ruwa su riƙa fita, in ba haka ba zai iya fashewa ya ƙona mutum.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne a fito da katako sannan a fara neman abin matsewa. Haba! Kusan minti 1 gare ka kafin ya sandare, safar hannu na hannunka, abokin aiki na tsaye a gurinsa, komai a jere. In lanƙwasar mai tsanani ce a ɗora siririn ƙarfe a bayan katakon a tokare kawunan biyu, don katako yana jure matsi sosai amma ja kaɗan ke tsaga shi. Ƙarfen kan bar baƙin tabo a ɗanyen oak, sai a sa leda a tsakani.

Kuma ka ɗan wuce yadda kake so wajen lanƙwasawa, don in an kwance yana ɗan komawa baya, sannan kar ka kwance shi ranar, bar shi ya huce ya bushe a ɗaure.