Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kifin Wel Mai Doro Daga Cikin Jirgin Ruwa

Kifin wel mai doro, wata ƙatuwar dabbar teku, yakan kai tsawon mita 15, manyansu kuma nauyinsu yakan kusanci tan 40. Duk da wannan girma, yawancin masu zuwa kallonsa ruwa da kumfa kawai suke komowa da su a kyamara. Tsallensa ba ya wuce 'yan daƙiƙu, jirgin da kake ciki yana tangal-tangal, kuma kafin ka ɗaga kyamara ya riga ya koma ƙasa. Saboda haka babban aikin mai hoto shi ne ya san inda dabbar za ta ɓullo tun kafin ta ɓullo. Tsadar kyamara tana taimakawa, amma ba ita ce kan gaba ba.

Mataki na farko: zaɓi wuri da lokaci

Waɗannan dabbobi matafiya ne. Na kudancin duniya suna kiwo a ruwan sanyi na Antatika, sannan su yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwa mai ɗumi domin barbara da haihuwa. A Afirka, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi suna shi ne tsibirin Sainte-Marie da ke gabashin Madagaska, inda suke taruwa a mashigin ruwan da ke tsakanin tsibirin da babban yankin ƙasar daga Yuli zuwa Satumba. A cikin waɗannan watanni kuma ana ganinsu a gaɓar tekun Gabon. Wanda zai je Hawai ta Amurka kuwa, lokacinsa daga Disamba ne zuwa Afrilu. Idan da hali, ka yi tanadin fita fiye da sau ɗaya, domin teku ba ta ɗaukar wa kowa alkawari. Ka fi son fitar safe, lokacin iska ba ta tashi sosai ba kuma hasken rana bai yi kaifi ba.

Mataki na biyu: kayan aiki

Lens, wato gilashin gaban kyamara, mai zuƙowa, irin 70-300mm ko 100-400mm, shi ya fi dacewa. Lens mai tsayi ɗaya tak, wanda ba ya zuƙowa, yana iya cutarka, domin wel ɗin da yake nesa yanzu yana iya ɓullowa dab da jirgi, ka ga ba abin da ya cika idon kyamararka sai baƙar fata. Kada ka ɗauki maɗorin kyamara mai ƙafa uku, ba shi da amfani a jirgin da ke rawa. Ka cika batir biyu, ka sa memori mai sauri da wadataccen wuri, ka tafi da ƙyalle mai laushi da leda ko rigar ruwan kyamara. Ruwan gishiri mugun abokin gaba ne ga na'ura, don haka kada ka canza lens a tsakiyar teku. Igiyar kyamara ta zauna a wuyanka daga tashi har dawowa.

Idan kana da saurin jiri ko tashin zuciya a mota, ka nemi shawarar mai magani ka sha abin da ya dace kafin ka shiga jirgi, ba bayan amai ya taso ba. Duba ta cikin kyamara na dogon lokaci yana ƙara jiri, saboda haka ka riƙa sauke ta kana kallon inda sama ta haɗu da ruwa.

Mataki na uku: saita kyamara tun kana kan tudu

Saurin ƙyaftawar kyamara shi ne abu mafi muhimmanci. Kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, idan kuma tsalle kake nema ka kai shi 1/2000, ta yadda ɗigon ruwan da ke zuba daga jikin dabbar zai tsaya cak a hoto. Buɗewar idon kyamara ka bar ta wajen f/8, domin jikin yana da tsawo kuma kana so kai da fiffike su fito tare. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka bar shi ya riƙa daidaita kansa, tunda gajimare na iya rufe rana a kowane lokaci. Ka kunna ɗaukar hoto a jere, ka kuma sa kyamara ta riƙa bin abin da ke motsi, wato AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye hoto ɗanye yadda zai fi sauƙin gyara daga baya. Gadon bayan dabbar baƙi ne, kumfa da ƙasan fiffikenta farare ne fat, kuma kyamara kan ruɗe tsakanin biyun. Idan rana ta yi ƙarfi, ka ɗan rage haske kaɗan don kada farin ya ƙone. Ka kuma gyara agogon kyamara da kwanan wata, za ka ga amfaninsa nan gaba.

Mai waya kaɗai kada ya karaya. Ya ɗauki bidiyo mai inganci, daga baya ya ciro hoto daga ciki, kuma ya guji zuƙowa da yatsa fiye da ƙima, domin yana farfasa hoto.

Mataki na huɗu: koyi karanta dabbar

A nan ne aikin yake. Ko da yake muna kiransa kifi, wel da huhu yake numfashi, yana haihuwa, yana shayarwa, don haka dole ya riƙa fitowa sama. Alamar farko da za ka nema ita ce feshin numfashinsa, wanda kan tashi mita uku ko fiye, daga nesa ya yi kama da hayaƙin murhu da safe. Ma'aikatan jirgi sukan nuna wuri da lissafin agogo: ƙarfe goma sha biyu shi ne goshin jirgi, ƙarfe uku dama, ƙarfe tara hagu. Ka haddace wannan, domin babu lokacin tambayar "ina? ina?".

Yakan yi numfashi sau da dama a jere, yana ɗan nutsewa yana fitowa, kuma yawanci hanya ɗaya yake bi. Ka lura da inda ya dosa, ka auna kyamara ɗan gaba da inda ya ɓace. Bayan ya nutse yakan bar wani zagayayyen wuri mai santsi a kan ruwa. Wannan sawunsa ne, yana nuna inda ya wuce, ba inda zai fito ba.

Sai ka jira numfashin ƙarshe. Za ka gane shi da yadda zai lanƙwasa bayansa sosai, doron ya taso sama fiye da na baya. Da ka ga haka, ka fara dannawa, kada ka jira ganin wutsiya, domin tana biye. Za ta taso a hankali, ruwa na kwarara daga gefenta, ta miƙe, sannan ta shige. Kada ka ɗaga yatsa sai ta ɓace. Ni a ganina wannan shi ne hoton da ya kamata sabon shiga ya fara ƙwarewa a kai, domin shi ne wanda dabbar ke yi wa mutum sallama kafin ta ba shi. Daga nan takan ɗauki mintuna biyar zuwa goma sha biyar a ƙasa, wani lokaci fiye. Ka huta da hannunka, ka duba saitinka, ka goge lens.

Tsalle kuwa ba ya sallama. Amma wel ɗin da ya yi tsalle sau ɗaya sau da yawa yakan maimaita, musamman 'ya'yansu. Idan na farko ya kuɓuce maka, kada ka tsaya takaici ko duba allo. Ka auna wajen da kumfar take, ka ɗan rage zuƙowa don fili ya wadata, ka bar idanunka biyu a buɗe, ɗaya a kyamara ɗaya a kan teku. Gara dabbar ta fito ƙarama ka yanke hoton daga baya, da a ce ka sare mata kai. Haka nan dukan ruwa da fiffike ko da wutsiya, su ma sukan yi ta maimaitawa, kuma fiffiken nan da kan kai mita biyar abin kallo ne shi kaɗai.

Tsayuwarka ma tana da tasiri. Ka ware ƙafafu, ka sassauta gwiwa, ka matse gwiwar hannu a jikinka. Kada ka ɗora kyamara a kan ƙarfen jirgi, domin girgizar inji za ta bi ta. Rana a bayanka tana fito da launi da tabon fata. Rana a gabanka kuwa tana haskaka feshin numfashi ya yi ƙyalli. Ka sa dutse, gaɓa ko wani jirgi a wasu hotunan, domin in ba su, mai kallo ba zai gane girman abin ba.

Mataki na biyar: kada ka matsa wa matuƙi

Wannan ina faɗarsa da gaske. A Hawai doka ta hana kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100, kimanin mita 91, kuma ƙasashe da yawa suna da irin wannan iyaka. Uwar da ta zo haihuwa a ruwan ɗumi kusan ba ta cin komai, da kitsen da ta tara a ruwan sanyi take shayar da ɗanta, kuma da shi za ta koma. Duk lokacin da jirgi ya kore ta, ƙarfin da take tattali ne ake ɓarnatarwa. An yi wa waɗannan dabbobi kisan ƙare dangi kafin a haramta farautarsu ta kasuwanci a duniya a 1966, kuma sun daɗe kafin su farfaɗo. Ka zaɓi jirgin da ke bin ƙa'ida, ka bar ƙaramin jirgin sama maras matuƙi a masauki sai da izini. Jirgin da ya sassauta inji ya natsu shi ne ma wanda wel kan matso kusa da shi don kansa.

Mataki na shida: bayan an sauka

Ka goge jikin kyamara da ƙyallen da ka ɗan jiƙa da ruwan daɗi, ka bar ta ta bushe kafin ka rufe jaka. Wajen gyara, ka fara da miƙe layin teku, domin kusan duk hoton jirgi a karkace yake fitowa.

Sannan ka ware hotunan da ƙasan wutsiya ya fito sarai. Zanen fari da baƙi da ke wurin, da tsage-tsagen bakinta, kowane wel da irin nasa, kuma da su masu bincike ke gane ɗaya daga ɗaya. Akwai shafin intanet mai suna Happywhale da ke karɓar irin waɗannan hotuna daga kowa. Ka tura naka ba tare da ka canza masa launi ba, ka haɗa da kwanan wata da wurin da ka ɗauka. Za a gwada shi da hotunan da ke ajiye, idan an taɓa ganin wannan wel ɗin a wani wuri za a nuna maka, idan kuma aka sake ganinsa nan gaba za a sanar da kai.