Yadda ake zaɓar iyakwandishan na motar zango da lissafin wutar da zai ci

Motar zango, wato motar da aka yi wa ɗaki a ciki da gado da madafa, ko tirelar da ake ja a baya mai irin wannan tsari, bangonta siriri ne, tagoginta da yawa, rufinta kuma yana shan rana tun safe. Na'urar sanyin da ke gaban direba ba ta aiki sai injin yana kunne, domin shi ke juya kwamfuresarta. Da zarar an tsaya kwana, sai a nemi wata hanyar sanyi. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi cin kuɗi: su sayi iyakwandishan, su ɗora a rufi, sannan su shiga neman wutar da za ta tayar da shi. Wuta ake fara lissafawa, na'ura ta biyo baya.

Mataki na farko: a ina za ka riƙa kwana?

Amsa wannan da gaskiya kafin ka duba kowace na'ura. Wanda yake sauka a zangon da ke da turken lantarki, lamarinsa mai sauƙi ne. Wanda yake kwana a daji ko bakin ruwa, ba turke ba waya, dole ya dogara da janareta ko batir, kuma duk wat ɗin da zai ƙona shi zai samar da shi. Idan kana haɗa duka biyun, yi lissafinka a kan wurin da wuta ta fi ƙaranci.

Mataki na biyu: san adadin wutar da ke hannunka

Lissafin guda ɗaya ne: bolt sau amfiya shi ne wat. A Amurka da Kanada turken zango iri biyu ne. Mai amfiya 30 a kan bolt 120 yana ba da wat 3,600. Mai amfiya 50 kuwa layi biyu ne, kowanne amfiya 50 a kan bolt 120, jimilla wat 12,000, wato ya ninka na farkon fiye da sau uku. Shi ya sa manyan motoci masu iyakwandishan biyu ko uku suke zuwa da tsarin amfiya 50.

A Turai wutar bolt 230 ce, da shuɗin fulogin nan mai ƙafa uku, amma zanguna da yawa suna taƙaita abin da za ka ja zuwa amfiya 6 ko 10 ko 16. Amfiya 6 wat 1,380 ne kacal, 10 kuma 2,300, 16 ya kai 3,680. A turken amfiya 6, na'urar sanyi da butar dafa ruwa ba za su zauna tare ba.

Ka kuma lura cewa na'urar da aka ƙera don bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa (abin da ake rubutawa 60 Hz) ba ta dace da wutar bolt 230 mai zagaye 50 ba. Mai sayen mota ko na'ura daga wata ƙasa ya karanta farantin da ke jikinta tukuna.

Daga wannan adadin sai ka cire sauran masu cin wuta. Na'urar ɗumama abinci kan ja wat 1,000 zuwa 1,500, hitar ruwan wanka wajen 1,400, ga cajar batir da ke aiki shiru ba ka sani ba, wadda kan ci ɗaruruwan wat idan batir ya yi ƙasa. Kada kuma ka cika layi maƙil: kayan da za su yi awanni suna aiki, a tsayar da su a kashi 80 cikin 100 na ƙarfin layin. Abin da ya rage shi ne rabon iyakwandishan.

Mataki na uku: girman sanyin da motar ke bukata

Lambar BTU da ke jikin na'ura ma'aunin zafin da take fitarwa daga ɗaki ne a cikin awa guda. Wutar da take ci dabam ce. Na'urar rufi mai BTU 13,500 tana kwashe zafin da ya kai kusan wat 4,000, amma lantarkin da take sha wajen wat 1,300 zuwa 1,600 ne. Mai 15,000 ta ɗan fi haka. Cin wutar yana ƙaruwa idan waje ya yi zafi sosai, saboda haka a yi lissafi da lambar sama.

Ƙaramar mota mai gado ɗaya galibi BTU 7,000 zuwa 10,000 ya ishe ta. Tirela matsakaiciya tana son 13,500 ko 15,000. Wadda ta haura mita 9 kuwa, a wurin zafi, na'ura ɗaya ba za ta kai sanyi ƙuryar ɗakin kwana ba, sai biyu.

Kada ka ce bari ka sayi babba don a huta. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana sanyaya iska cikin 'yan mintuna ta tsaya, ba ta daɗe tana aiki ba balle ta tsotse laimar da ke cikin iskar. Sai ka ga ɗaki da sanyi amma jiki yana danƙo, ga kwamfuresa tana ta tashi tana mutuwa.

Mataki na huɗu: zaɓi irin na'urar

Ta rufi ita ce aka fi sani, irin ta Dometic da Coleman-Mach da Truma. Tana zama a kan ramin da aka saba bari a rufin, inci 14 kowane gefe a motocin Amurka, santimita 40 a na Turai. Ba ta cin wuri a ciki, kuma sanyinta yana saukowa daga sama, wanda shi ne daidai. Illarta ƙara, da nauyin kilo 30 zuwa 45 a kan rufi, da ƙarin tsawo na santimita 20 zuwa 35. Bayan an ɗora ta a sake auna tsawon motar a rubuta a gaban direba, saboda gadoji da rassan bishiya.

Akwai wadda ake sakawa a ƙarƙashin benci ko gado, kamar Truma Saphir. Nauyinta yana zama a ƙasan motar, rufi ya zama na sola, sai dai ta cinye ma'ajiyar kaya kuma sai an huda daɓen motar.

Mai gida biyu, irin ta ɗakuna, wadda rabinta ke ciki rabi a waje, ita ce ta fi shiru da tsimin wuta, domin kwamfuresarta tana rage gudu maimakon ta mutu ta sake tashi. A ganina ita ce ta fi dacewa da wanda motarsa ke daɗewa a wuri ɗaya. Amma don bangon gida aka yi ta. Girgizar hanya tana iya sassauta mahaɗan bututun gas, kuma sai an ƙera wa rabin wajen mazauni mai ƙarfi a bayan mota.

Ga kuma masu aiki kai tsaye da batir, a kan bolt 12 ko 24 ko 48, waɗanda direbobin manyan motoci masu kwana a hanya suka daɗe suna amfani da irinsu. Ba sa bukatar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta layi, kuma ta bolt 12 kan ja amfiya 20 zuwa 60 gwargwadon gudun da take yi. Sanyinsu bai kai na babbar na'urar rufi ba, amma ga ƙaramar mota mai kwana a daji, babu kamarsu.

Ta tsaye mai taya, wadda ake fitar da bututunta ta taga, maganin wucin gadi ce. In dole ne, a nemi mai bututu biyu, domin mai ɗaya tana tura iskar ɗaki waje, zafin waje kuma ya shigo ta kowace kafa ya maye gurbinta. Mai sanyaya iska da ruwa kuwa wutarta kaɗan ce ƙwarai, amma a busasshiyar iska kawai take aiki. A wuri mai laima sai dai ta ƙara gumi.

Mataki na biyar: fizgar tashi

Wannan ne ke ba mutane mamaki. Janareta yana da wat 2,000, na'ura tana cin 1,400, amma da an kunna sai janaretan ya shaƙe ya mutu. Dalili shi ne kwamfuresa irin ta da, a ƙasa da daƙiƙa guda na tashinta, tana fizgar wutar da ta ninka ta aikinta sau uku zuwa biyar. Kamar tura motar da ta mutu ne: motsa ta daga tsaye ya fi wuya, in ta fara gangarawa sai a samu sauƙi. Adadin yana rubuce a farantin na'urar a gaban haruffan LRA, kuma a mai BTU 13,500 yakan wuce amfiya 50.

Maganinsa wata ƙaramar na'ura ce da ake haɗawa da wayoyin kwamfuresa don ta tashi a hankali, ana sayar da ita da sunaye irin su EasyStart da SoftStartRV. Tana rage fizgar da fiye da rabi. Ba ta rage cin wutar aiki ko kaɗan, wannan a riƙe shi da kyau. Mai haɗa ta ya cire wuta gaba ɗaya kuma ya sauke cajin da ke cikin kafasito, domin yana riƙe wuta ko bayan an kashe komai. Wanda bai saba ba ya bar wa mai aikin lantarki. Na'urorin da kwamfuresarsu ke canza gudu ba sa bukatar wannan ƙarin.

Mataki na shida: janareta, batir da sola

A janareta, lambar da ke cikin sunansa galibi ta ƙololuwa ce. Honda EU2200i, alal misali, 2,200 ne na ɗan lokaci, abin da yake iya ɗauka a kai a kai 1,800 ne. Da na'urar tashi a hankali zai riƙe mai BTU 13,500, muddin ba a kunna wani babban abu ba. Ba tare da ita ba, a nemi na wat 3,000 zuwa sama. Tudu ma yana rage masa ƙarfi, wajen kashi 3 cikin 100 a duk mita 300, don haka a tsawon mita 1,500 wancan 1,800 ɗin ya dawo kusan 1,500.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da gubar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci. A ajiye shi can nesa da tagogi da ƙofa, bakin hayaƙin ya juya baya ga motarka da ta maƙwabci, a kuma saka ƙararrawar gano gubar a ɗakin kwana. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Batir kuwa a yi masa lissafi da alƙalami. Ɗauki na'ura mai cin wat 1,400, dare na awa 8, kwamfuresa tana aiki rabin lokacin. Awa 4 sau 1,400 ya ba da wat-awa 5,600. Inbata tana ɓatar da kusan kashi 10 cikin 100, sai ya zama wajen 6,200. Batirin litiyam mai amfiya-awa 100 a kan bolt 12.8 yana riƙe wat-awa 1,280, ke nan ana bukatar guda biyar don dare ɗaya. Na dalma, wanda bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, sai guda goma, nauyin da ya tasam ma kilo 300. Shi ya sa duk mai son sanyi da batir yake komawa litiyam. A kula dai, ba a cajin litiyam idan sanyi ya kai ruwa na daskarewa.

Inbatar ta kasance mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, mai wat 3,000 ko kusa da haka. A ɓangaren bolt 12, wat 1,400 yana nufin kusan amfiya 120 suna bin waya, don haka wayar ta zama mai kauri, gajera, da fiyus daf da batir. Tsarin bolt 24 yana raba wannan adadin biyu, na 48 ya raba shi huɗu, wayoyi su yi sauƙi kuma zafi ya ragu.

Sola tana taimakawa, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Faranti na wat 600, a rana mai kyau ta awa biyar na cikakken haske, bayan an cire asara, yana ba da wajen wat-awa 2,250, wato ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da daren nan ya cinye. Ga kuma cin karo: faranti yana son rana, mota tana son inuwa. Wanda yake tafiya kullum ya ƙara cajar da ke ɗebo wuta daga altanetar injin. Mai amfiya 40 tana zuba sama da wat-awa 500 a kowace awa ta tuƙi.

Mataki na bakwai: rage zafin, sannan ka gwada

Duk zafin da ka hana shiga, wuta ce ka adana. Rufe gilashin gaba da tagogi da mayafi mai ƙyalli, daga waje in da hali, ka buɗe rumfa a gefen da rana take. Fankar rufi mai bolt 12 amfiya kaɗan take ci, kuma mintuna goma na aikinta da yamma suna fitar da zafin da ya taru a sama. Kunna iyakwandishan tun da safe kafin bango da katifa su ɗauki zafi, ya fi sauƙi a kan ka jira azahar.

A kowane sabon zango, auna wutar turke yayin da na'urar ke aiki. Idan ta faɗi ƙasa da bolt 108 a tsarin 120, ko ƙasa da 207 a tsarin 230, kashe ta, domin raunin wuta yana sa kwamfuresa ta yi zafi har ta ƙone. Doguwar waya siririya ma tana jawo hakan. In wuta ta ɗauke, jira minti uku zuwa biyar kafin ka sake kunnawa.

Don sanin lafiyar na'urar, bar ta ta yi minti 15 tana aiki a babban gudu, sannan ka auna iskar da take shaƙa da wadda take fesowa. Bambancin digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salshiyos yana nuna lafiya lau take. In bai kai haka ba, fara da wanke matatar iska, ka duba ko ƙura ta toshe siraran farantan ƙarfen da ke jikin na'urar a kan rufi, ka kuma tabbatar iskar sanyi ba ta zurarewa ta koma hanyar shaƙa ta wata ɓaraka a cikin akwatin. Idan duk waɗannan suna daidai kuma sanyin bai dawo ba, matsalar ta gas ce ko ta kwamfuresa, sai a kira mai gyara.