Yadda ake rubuta labarin binciken laifi da 'yan matan gidan Bronte

A shekarar 2019 marubuciyar Ingila Rowan Coleman, da sunan alƙalami Bella Ellis, ta fara fitar da jerin littattafai inda Charlotte da Emily da Anne Bronte, 'yan'uwa mata uku marubutan Ingila na ƙarni na 19, ke bin sawun masu laifi. Idan kai ma kana son ɗauko marubutan da suka rayu da gaske ka saka su cikin ƙagaggen labari mai ban tsoro, ga hanyar da nake ganin ta fi.

Mataki na farko, nemo lokacin da duk suna gida. Wannan ne ginshiƙi, don ba ka da ikon ɗaga tarihin mutane yadda ka ga dama. Anne ta bar aikin koyar da 'ya'yan masu kuɗi a watan Yuni 1845, ta koma garinsu Haworth a yankin Yokshaya. Wata guda bayan haka aka kori ɗan'uwansu Branwell daga gidan da ta baro, inda shi ma yake koyarwa. Shi ya rasu a Satumba 1848, Emily ta bi shi a Disamba, Anne kuma a Mayu 1849. Shekara uku da 'yan watanni ke nan a hannunka, kada ka ƙetare su.

Na biyu, ka bar garin ya kawo tsoron da kansa. Ba sai ka ƙirƙiro fatalwa ba. Gidan mahaifinsu, limamin cocin garin, yana fuskantar maƙabarta, har daga taga ana hango duwatsun kaburbura. Bayan gidan kuwa tuddai ne da ciyayi da iska mai sanyi, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba. Rahoton lafiya da aka yi wa garin a 1850 ya nuna cewa cikin yara goma, huɗu ba sa kai shekara shida, kuma ruwan sha ma ba shi da tsabta. A garin da mutuwa ta zama ruwan dare haka, wa zai tsaya tambaya idan wata amarya ta kwanta ciwo kwana biyu ta cika? A nan labarinka yake, kuma abin yana taɓa ni duk sanda na tuna cewa su kansu sun rasa uwa a 1821, da yayyensu mata biyu a 1825.

Na uku, raba musu aiki bisa halinsu. Charlotte ce mai magana da baƙi da rubuta wasiƙa. Emily ba ta son shiga mutane, amma ta san tuddan nan kamar tafin hannunta, ga ƙaton karenta Keeper a biye. Anne ta zauna a gidajen manya tana koyarwa, ta san abin da ma'aikatan gida ke ji a bayan ƙofa. Da dare sukan zagaya teburin cin abinci suna karanta wa juna abin da suka rubuta, to a nan za su riƙa warware shaidu.

Na huɗu, ka kiyaye kayan binciken zamanin. Sai a 1842 aka kafa sashen binciken laifi na 'yan sandan Landan, zanen yatsa kuwa sai 1901. Amma tun 1836 akwai gwajin gano gubar asinik, wadda ake sayarwa a kanti don kashe ɓera. Sauran aikin ido ne da kunne da tafiyar ƙafa.

Na biyar, ka sa rainin da ake wa mata ya zama makaminsu. Su da suka buga waƙoƙinsu a 1846 da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell don kada a gane mata ne, sun saba ɓoye kai. 'Yar liman za ta shiga gidan makoki da sunan gaisuwa, ta zauna da kuku a kicin, ta ji abin da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba. Dalilin kisan ma yana nan kusa: a dokar lokacin, dukiyar mace takan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure. Ka fara da tambayar wanda ya ci gadon marigayiyar.