Ɗoɗɗoya a miyar masa

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ɗoɗɗoya a tsakar gida, ku daina zuba ta tun miya na tafasa, wuta ce ke cinye ƙamshin. Sai kin sauke tukunya ki yayyaga ganyen da hannu ki watsa, ki rufe minti 3. Haka nake yi wa miyar taushe ta masa, kuma mu nan Bauchi kun san ba a kawo mana raini a kan masa. Ki tsinka da sassafe, in ta fara fure ki tsittsinke kan don ta yi rassa.

Na'a-na'a kuwa ki ba ta bokitinta daban, don mamaye fili take. Ki murza ganye kaɗan cikin zoɓo bayan ya huce.